Harsashin da Na Ɗura a Gareji

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗauki surukina da kaina na kai shi kallon gasar harbi. Ko na so in manta ma babu hali, don akwai bayin Allah da suka ɗauki nauyin tuna mini, fi sabilillahi, duk inda muka haɗu.

Kada ku ɗauka gadon farauta gare ni. Ni ɗan Funtuwa ne, kuma har na baro gida ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. In mafarauta suka zo wucewa ta ƙofar gidanmu da karnukansu, ni ne na farkon shigewa zaure. Aikina haɗa magani ne a wani kanti a nan ƙasar Turawa, a garin Greensboro, in wuni a tsaye ina yi wa tsofaffi bayanin wanda ake sha kafin abinci da wanda ake sha bayan abinci. Harkar bindiga maƙwabtaka ce ta jawo mini ita.

Da muka tashi daga unguwar Glenwood, inda na yi zaman ɗalibta har na yi aure a wani ɗan gidan haya, muka koma unguwar Sedgefield, sai muka tarar da maƙwabciya, wata tsohuwar Baturiya mai suna Loreta. Likitar haƙori ce da ta yi ritaya, 'yar firit da ita, gashi fari fat, ba ta da aiki sai shuka tumatir da tsince ƙwallayen golf da ke faɗowa bayan gidanta. Wata rana na ga tana fama da wani ɗan akwati a but ɗin motarta, na ce bari in samu lada. Na sa hannu ɗaya zan ɗauka, na ji kamar an kafe shi da ƙusa.

"Madam, me ke ciki haka?"

"Dalma ce, kan harsashi," in ji ta, tana murmushi. "Sa hannu biyu, ɗana, kada ka ɓalla baya."

Ashe baiwar Allahn nan tun kafin a haife ni take gasar harbi da ƙaramar bindiga. Da Asabar ta zagayo ta ɗauke ni zuwa kulob ɗinsu, can bayan gari cikin itatuwa. Na zaci irin na fim zan gani, ana gudu ana birgima. Ina! Dattawa na tarar jere a ƙarƙashin rumfa, kowa ya miƙe hannu ɗaya da bindiga, ɗayan hannun a aljihu kamar mai jiran bas, suna harbin wata takarda mai baƙin da'ira a tsakiya, can nesa, yadi hamsin. Mutum ya yi harbi ɗaya, ya sauke hannu, ya numfasa, ya leƙa madubin hangen nesa da ke gefensa, ya girgiza kai. Shi ke nan wasan. Aka ba ni na gwada. Da ƙyar harsashi biyu suka taɓa takarda, amma da na dawo gida ko abincin kirki ban iya ci ba don zumuɗi.

Na yi kwas na koyon riƙe bindiga, na sayi tawa bindigar, na sayi akwatin ƙarfe mai makulli (Maman Amira, matata, ta ce ko dai akwatin ya shigo gidan tare da bindigar, ko ni da bindigar mu nemi wani gidan). Ban daɗe ba na lura duk gwanayen kulob ɗin babu mai harbi da harsashin kanti. Na tambayi Loreta dalili.

"Na kanti ba shi da laifi," ta ce. "Amma an yi shi ne don kowace bindiga, ka ga ke nan ba don taka aka yi shi ba."

Nan take na gane: bambancin rigar kanti da ɗinkin tela ne. Washegari sai ga ta da kwalaye a baro, kayan ɗurin harsashin marigayi mijinta, ta ce ƙura kawai suke sha, in zo ta koya mini.

Aikin kansa ba wani ɓoyayyen sirri ba ne, natsuwa yake so. Ka tsince kwanson harsashin da ka harba, ka zuba a wata na'ura mai kaɗawa ta goge su har su yi ƙyalli kamar 'yan kunnen amarya. Ka sa kowanne a injin matsi, wani ƙarfe mai hannu kamar famfon burtsatse, ya mai da shi daidai girmansa. Ka sa masa sabuwar faraima, wato ɗan maɓallin gindi da ke tayar da wuta. Ka auna albarushi ka zuba, ka ɗora kan dalma, ka danna shi ya zauna daidai zurfin da ake so. Loreta ta kafa mini doka: abin da littafin masana ya ce shi ne, babu ƙari ko na ƙwayar gero. Babu waya, babu hira, kuma in aka yi sallama a ƙofa mai sallama ya jira.

To, kun san an ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni da nake auna maganin jarirai, a ba ni sikeli a ce in auna? Na tsunduma. In ɗura kaɗan da wannan awo, kaɗan da wancan, in tafi fili in ɗora hannu a kan buhun yashi in harba, in ga wanne ne ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya. In dawo in canja kan dalmar, in sake komawa. Haka na ci damina da sanyi, har Allah ya haɗa ni da wani haɗi da bindigata ta karɓa hannu bibbiyu. Ba ya dukan hannu, ba ya ƙara sosai, ramukan kuwa sai su taru kamar tururuwa a kan suga.

Daga nan ne kaina ya fara kumbura.

Na zama mutumin nan da ake gudu a wurin suna. Ka ce mini "Ya aiki?" in ɗauko maka bayanin zurfin zaman dalma. Abokina Bitrus, ɗan Jos, nas ne a asibiti, wanda muka yi haya ɗaki ɗaya a Glenwood muka sha garin kwaki tare, ya kai in ya hango ni sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na tuba, Sarkin Baka, yau dai a bar ni in ci nama lafiya." Ni kuwa sai in ɗauka yabo ne.

Wanda ya fi shan wahala gareji ne. Da farko ɗan tebur ɗaya na sa a kusurwa. Sannu a hankali tebur ya haihu, aka samu kantoci, aka samu fitila mai wuya irin ta masu gyaran agogo, aka samu kujera mai juyawa. Kafin a ankara motar Maman Amira ta koma kwana a waje. Da sanyi ta yi haƙuri, ta riƙa kankare ƙanƙara a gilashi da safe tana yi mini kallon da ya fi ƙanƙarar sanyi. Amma da bazara ta shigo, itatuwan garin nan suka fara zubar da garin furensu mai ruwan ɗorawa, haƙurin ya ƙare. Mota baƙa ta kwana, ta wayi gari kamar an tsoma ta a kunun ɗorawa, ita kuma ga atishawa.

"Baban Amira, don girman Allah dubi motata. Ni ce mai zuwa aiki da ita, amma kwanson harsashi ne ke kwana a ɗaki, ni motata tana fakin a titi kamar ta baƙo."

"Ki ƙara haƙuri, gasa ta kusa. In kin ga abin da zan yi, da kanki za ki ce a ƙara mini wuri."

Ana cikin haka mahaifinta ya zo daga Katsina, ganin jikoki da duba idonsa. Baba malamin gona ne da ya yi ritaya, dogo, mai sanyin magana, irin dattawan da za su faɗi abu fuska a ɗaure, sai ka kai gida ka gane ba'a aka yi maka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In yana falo, ni ina gareji (wannan karon da hujja).

Wata la'asar sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne, hannu a baya, yana kallon kwansuna jere a tire. Na zame daga kujera na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, tashi. Ashe ɗurin adaka kake yi a nan?"

"A'a Baba, wannan ya sha bamban. Su mafarautan gida da ido suke zuba albarushi. Wannan kimiyya ce."

"To, to. Kimiyya."

Da na yi shiru a nan, da na tsira. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na nuna masa sikeli, na nuna masa ma'aunin tsawo, na ce masa harsashin nan ko makaho aka ba sai ya samu tsakiya. Na ce a duk kulob ɗinmu babu mai irinsa, har ita wadda ta koya mini, don ɗalibi kan fi malaminsa. Maman Amira na tsaye bakin ƙofa da kofin shayin Baba, tana jina.

"To Baba, kai ne shaida," ta ce. "Ranar Asabar za su yi gasa. In ya shiga cikin na gaba-gaba, na bar masa garejin har abada. In bai shiga ba, motata ta koma ɗakinta."

"Na yarda," na ce, tun kafin ta rufe baki. "Baba ma sai ya zo ya gani da idonsa."

Baba ya karɓi shayinsa, ya kurɓa, ya ce, "Allah ya kai mu. Dama likita ya ce in riƙa kallon nesa."

Ranar Asabar gari ya yi kyau, rana ta fito, iska na kaɗawa a hankali. Maman Amira ta cika kula da dafa-duka da soyayyun kaji, wai na murnar nasara (ta wa, ba ta faɗa ba). Bitrus ya sauko daga aikin kwana ko gida bai je ba ya biyo mu, ya ce ko suma zai yi sai ya ga wannan rana. Baba ya sha babbar riga fara, aka ba shi abin toshe kunne ya ɗora a kan hularsa, ya zauna a bencin 'yan kallo kamar matuƙin jirgin sama. Turawa sai zuwa suke suna gaishe shi, shi kuma yana amsawa da "Madalla, madalla," ba ya jin ko ɗaya.

Aka ba ni wuri na takwas. Loreta na hannun haguna, a na bakwai. Takardun suna can jere kusa da juna, kowace da lambarta a sama, an rubuta da girman faranti.

Akwai abu biyu da ya kamata ku sani, ba don in wanke kaina ba. Na ɗaya, a wannan wasa ba takarda ake kallo ba, saitin da ke bakin bindiga ake ƙura wa ido, takardar kuwa dishi-dishi ake ganinta. Har tabarau na musamman na yanka don haka: saiti ya fito tar, duk abin da ke nesa ya zama hazo. Na biyu, tsayuwa ita ce komai. Ka gyara ƙafafunka yadda in ka ɗaga hannu zai faɗa kan takardarka da kansa, daga nan ba ka sake motsa su.

Na gyara tsayuwata tsaf. Alƙalin gasar, wani dattijo mai tumbi wanda ƙarar harbi ta cinye masa kunne har yake magana kamar mai shela a kasuwa, ya ba da umarni a sa harsashi. Sai zuciyata ta ce, ko Baba yana kallo? Na ajiye bindiga a tebur, na juya gaba ɗaya, na ɗaga masa hannu. Ya ɗaga mini. Bitrus ya ɗaga waya. Na juyo ina jin kaina kamar ango, na ɗauki bindiga, na ɗaga hannu, baƙin da'ira ya zo ya zauna a kan saitina. Ban sake bi ta kan ƙafafuna ba.

Jama'a, ban taɓa harbi mai daɗin na ranar ba. Numfashi ya daidaita, hannu ya tsaya kamar an dasa shi, kunamar bindiga tana tashi da kanta ba tare da na san lokacin ba. Bayan harbi na uku na leƙa madubin hangen nesa, wanda tun da safe na saita shi a kan lamba takwas. Farin takarda tas, babu ko ɗigo. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na ce a raina, "Allahu akbar! Duk cikin baƙi suke shiga." Don gaskiya ne rami a cikin baƙi yana da wuyar gani daga nesa, musamman in akwai inuwa. Na sake leƙawa bayan na bakwai, fari na nan tas. Har wani ɗan tausayin sauran 'yan gasar ya kama ni.

Da aka gama harbi goma na zagayen farko, aka sauke bindigogi, aka tabbatar kowace babu komai a cikinta, alƙali ya ce a je a duba maki. Nan na ƙara wa kaina gishiri. Na je na roƙe shi ya bar surukina ya raka ni, baƙo ne daga Najeriya, bai taɓa gani ba. Ya ce ba komai. Muka taka cikin ciyawa, ni a gaba, Baba a baya yana tattare riga, Bitrus a bayansa da waya a sama yana bayani kamar ɗan jarida.

"Baba, in mun isa kada ka yi mamaki in ka ga kamar rami ɗaya ne," na ce. "Haka harsashi mai kyau yake yi, bin juna suke."

Muka isa.

Takardata tana nan sabuwa fil, kamar yanzu aka fito da ita daga kwali. Na matsa kusa. Na cire tabarau. Na shafa baƙin da yatsa, sumul. Na leƙa bayanta (har yau ban san me nake nema a bayan ba). Gumi ya karyo mini tun daga tsakar ka.

Baba ya gyara gilashinsa, ya sunkuya, ya dube ta sama da ƙasa.

"Sun riga sun canja maka sabuwa ne?"

"A'a Baba. Wato... wani lokaci in harsashi yana da sauri sosai, takardar takan... takan koma ta rufe."

Wallahi haka na ce. Ni, mai digiri, uban 'ya'ya, a gaban surukina. Bitrus ya yi wani irin sauti kamar an shaƙe akuya.

Baba ya jinjina kai a hankali. "Ikon Allah. Ya wuce bai ɓata wa kowa kaya ba. Lalle wannan harsashi yana da tarbiyya."

Sai na ji muryar Loreta daga hagu, a sanyaye. "Ɗana, zo ka ga baƙin da na yi."

Takardarta ta sha harbi. Ga nata ramukan ƙanana, don bindigarta ba ta kai tawa faɗin baki ba, sun bazu cikin baƙi da gefensa. A tsakiya kuwa, tsakiyar tsakiya, ga wasu manyan ramuka masu tsabtar yanka kamar an huda da abin huda takarda na ofis, sun cinye juna sun zama rami ɗaya wanda murfin kwalba zai kusa rufewa. Nawa ne. Ko a mafarki na san yankan dalmata. Juyawar nan da na yi don gaida Baba ita ta karkatar da ƙafafuna, hannuna ya faɗa kan takardar maƙwabciya, tabarau kuma ya ɓoye mini lamba.

"Tun na uku na gani," in ji Loreta, tana share hawayen dariya. "Ban san na wa ba ne. Amma rabon da in ga irin wannan a takardata tun mijina na da rai, shi ya sa na kasa ɗaga hannu in tsayar."

Alƙali ya iso, ya dubi tata, ya dubi tawa. Na yi masa alama da ido ya rufa mini asiri. Ya buɗe murya yadda har masu wasan golf a wata unguwa sai sun ji: "Lamba takwas ya harbi takardar lamba bakwai! Duka goma! Lamba takwas, sifili!" Sannan ya sunkuya kan takardar Loreta ya ƙara da cewa, "Kai, amma fa harbi ne! Ku zo ku gani!"

Suka kuwa zo. Duk dattawan nan suka baro takardunsu suka kewaye mu, wannan ya yi fito, wancan ya dafa kafaɗata ya ce shi ma ya taɓa yi, amma harsashi ɗaya, ba a taɓa samun mai zuciyar da ya ba da goma ba. Ni dai ina tsaye ina roƙon ƙasa ta tsage.

Baba ya taɓa Bitrus. "Me mai shelar nan yake cewa?"

Bitrus ya fassara masa, har da ƙarin da ba a ce ba.

"To yanzu makin nasa ita za a ba?"

"A'a Baba. Tunda ana gane nata, nata kawai za a ƙirga. Nasa sun tafi a banza."

Baba ya dubi sama, ya ce, "Wato ko sadakar ma ba ta karɓu ba."

A nan Bitrus ya zauna a ciyawa. Daga can benci na hango Maman Amira ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da muka juyo na matsa kusa da Baba, kaina a ƙasa, na ce ina ganin gara mu tafi gida, rana ta yi zafi, kada ta dame shi. Ya tsaya cak. Karo na farko tun da na san shi ya sa hannu ya kama nawa.

"Ina za mu? Koma ka ƙarasa abin da ka zo yi. A aikin gona na ga wanda ya yini yana zuba taki a gonar maƙwabci, bai mutu ba. Mu kallo muka zo, kuma sai yanzu kallon ya fara daɗi."

Na koma. Kafin kowane zagaye sai alƙali ya ɗauki lasifika ya ce, "Lamba takwas, ka ga lamba takwas?" In ɗaga hannu in ce na gani, rumfa ta ɗauki dariya. Abin mamaki, daga nan sai na ji nauyin ya sauka. Babu sauran abin da zan kare, sai na yi harbina cikin nishaɗi, ni ma ina dariya. Sifilin nan dai ya riga ya ja ni ƙasa. Na ƙare na biyun ƙarshe, kuma wanda na fi ɗin bindigarsa ce ta lalace ya tafi gida tun kafin azahar.

Dafa-dukar nasara kuwa ba ta yi asara ba. Maman Amira ta buɗe kula ta ce kowa ya zo. Ka ga dattawan Turawa da faranti, fuska ta yi ja, hanci na zuba saboda attaruhu, suna neman ƙari. Wasu suka ja ni gefe suna tambaya wane irin kan dalma ne wannan, yaya na zaunar da shi. Wato harsashin dai ya yi suna, mai shi ne ya bar abin faɗi. Loreta ta ciro takardar, ta sa kowa ya sa hannu a gefe, ta ce ba za ta ba ni ba, a falonta za ta rataye.

Can sai Loreta ta ce ko Baba zai gwada? Na zaci zai ƙi. Sai ya miƙe ya naɗe hannun riga. Aka kawo wata 'yar ƙaramar bindiga mara ƙara, alƙali ya tsaya a gefensa yana nuna masa yadda ake riƙewa, ni ina fassara. Kafin ya ɗaga hannu ya juyo ya ce, "Tambaye shi, wacce ce tawa? A nuna mini da kyau, don abin a dangi yake yawo." Aka nuna masa. Ya harba. Aka leƙa madubi, harsashi ya taɓa can gefen takarda, saura kaɗan ya fita.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba, yana miƙa bindiga. "A bakin iyaka ne, amma gonata ce."

A mota muna dawowa Maman Amira sai ƙunshe dariya take tana kallon taga. Muna shiga unguwa ta ce, "Baba, shaida, sai a yanke hukunci."

Baba ya gyara zama. "Abin da na gani shi ne, harsashi ya ci jarrabawa, maharbi ya faɗi. Ba a korar wanda ya ci saboda wanda ya faɗi. Tebur ɗaya ya zauna a kusurwa. Sauran tarkacen a kwashe, mota ta shiga. Shi kuma wanda ya faɗi, shi zai wanke ta."

Haka aka yi. Yammacin ranar ina waje da bokiti da soso ina wanke garin ɗorawa, Loreta na ba tumatirinta ruwa, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Ka tabbata motarku ce wannan?"

Bidiyon Bitrus kuwa kafin magariba ya zaga duk Hausawan Greensboro, kafin Litinin ya isa Katsina. Har yau in na shiga masallaci ranar Juma'a sai wani ya matsa ya ce, "Malam, ga takalmanka can, waɗannan nawa ne." Da Babbar Salla ta matso, ƙanin Baba, wanda ban taɓa magana da shi ba, ya aiko mini da saƙon murya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji labarin alherina, don haka yana sanar da ni cewa in na tashi aika ragon layya, gidansa na nan jikin na Baba, ta hannun hagu.

Ina nan ina ɗura harsashina a kusurwata, kuma ina zuwa gasa, wani lokaci har in taɓuka abin kirki. Darasin da na samu dai shi ne, mutum yana iya auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya kasa ganin abin da ya kai faranti. Kafin ka nuna wa duniya iya saitinka, ɗaga kai ka tabbatar abin da kake hari naka ne. In kuma kunyar ta zama dole, to ka roƙi Allah ya sa ta same ka a tsakiyar mutanen da in sun gama yi maka dariya za su matsa su ba ka wuri a bakin faranti.